Taswirar Neman Gafara

Tun da na dawo daga aikin hajji, masu zuwa yi mini barka da sauka duk salonsu ɗaya. Mutum zai karɓi dabino, ya kurɓi zamzam, ya tambayi zafin Makka a gurguje, sannan ya gyara zama ya rage murya ya ce, "To Alhaji, wai ya aka ƙare da taswirar nan?" Na je ƙasa mai tsarki na dawo lafiya, amma tafiyar da jama'a ke son ji ita ce wadda na yi tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu a tsohuwar motar taubashina. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai bakin titi. Don haka ga shi a rubuce daga bakin mai shi.

Sunana Shehu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina aiki a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata a Gusau, kuma aikin ya bi mini jini. Ko ɗaurin aure aka gayyace ni, sai na tambayi ƙarfe nawa za a shafa fatiha, a yi ta kallona kamar na tambayi ranar tashin kiyama.

Da aka fara yi mana bitar aikin hajji, malamin ya tsaya a kan magana ɗaya har sau uku. Ya ce abin da ke tsakaninka da Ubangiji can za ka roƙa, amma abin da ke tsakaninka da mutane a nan za ka wanke shi kafin ka hau jirgi. Kowa ya san al'adar. Maniyyaci yakan zaga dangi gida-gida, ya yi sallama, ya nemi gafara. Malamin na magana, ni kuwa fuska ɗaya ce ta tsaya mini, ta Inna Tumba.

Inna yayar mahaifiyata ce. Ina shekara huɗu mahaifiyata ta rasu, ita ta ɗauke ni ta kai ni Karakkai, ta riƙe ni har na tafi makarantar kwana. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ne ɗanta. A lokacin rabona da ita shekara shida. Idan an tambaye ni sai in ce hanya ba kyau, kuma gaskiya ne hanyoyinmu sun zama abin da suka zama, amma masu babur na zuwa Karakkai kullum su dawo. Da mijinta, Baba Ɗanjuma, ya rasu, ina wani taro a Kaduna. Na aika ta'aziyya ta waya na ce ina nan tafe. Ban je ba. Wata ya wuce, kunya ta shiga, ta yi ta girma har ta fi ƙarfina. Na sani sarai idan na hau jirgi ban ji "na yafe" daga bakin Inna ba, hajjina yawon buɗe ido ne kawai.

Ranar Alhamis za a tantance mu a sansanin alhazai, daga nan kuma kowane lokaci ana iya kiran jirgi. Sai na ware Talata domin zagayen dangi, na ɗauko wata manhajar shirya tafiya da wani abokin aiki ya sa mini a waya. Abin gwanin sha'awa ne. Kana rubuta wuraren da za ka, ita kuma ta jera su a taswira, kowanne da jan ɗigo da lamba, ta ja shuɗin layi ta haɗa su, ta sa lokacin isa da na tashi. Har da wani ɗan gurbi a ƙarƙashin kowane ɗigo, inda mutum zai rubuta abin da yake so ya tuna wa kansa. Na zauna na yanka wa kowa rabonsa. Gwaggo Rabi a Tsafe, minti ashirin. Alhaji Bello, shi ma a Tsafe, awa biyu. Kawu Iro a Wanke, minti goma. Yaya Asabe a Bungudu, rabin awa. Inna, minti goma sha biyar. Manhajar ta tambaye ni ko ta jera su ta hanya mafi sauƙi, na ce bismilla. Ta sa Tsafe a farko, Karakkai a ƙarshe.

Na san wannan ba tsarinmu ba ne. A wurinmu da babba ake farawa ko da a bayan dutse yake. Amma jerin ya yi mini daɗi, don tsoron haɗuwa da Inna nake yi, kuma na yi lissafin cewa a minti goma sha biyar tsohuwa ba za ta gama jero laifukana ba.

Matata Balkisu ta leƙa wayar ta ce, "Ka fara da Inna."

Na ce, "Na'ura ta fi mu sanin hanya."

Ta ce, "Na'urar ce ta goya ka?" Ta kwashe kwanuka ta yi gaba.

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ƙara da abin da ya jawo mini duk wannan suna. Na tura taswirar a zauren dangi na waya, na rubuta a ƙasa, "Domin kowa ya shirya." A raina na kawo wa zuri'armu wayewa. Zauren nan ba ya minti biyar ba a turo addu'ar safe ko hoton jariri ba, amma ranar sai ya yi tsit. Na ɗauka burge su na yi.

Talata da hantsi Lawwali ya iso. Ɗan kawuna ne, taubashina, tsarana, direban kasuwa ne da ya san kowane rami tsakanin Gusau da Funtuwa da sunansa. Motarsa irin wadda ake buɗe ƙofar fasinja daga waje ce. Ina shiga ya dube ni yana danne dariya.

"Ranka ya daɗe, ni minti nawa anka ba ni?"

Na ce ya ja mota, mun riga mun makara da minti bakwai.

Manhajar ta ce ƙasa da awa ɗaya za mu isa Tsafe. Ba ta san shingen bincike ba, ba ta san tirelar da ta kwanta gab da dutsen Kwatarkwashi ba, kuma ba ta san Lawwali ba ya wuce mai facin da ya taɓa taimakonsa bai tsaya sun gaisa ba. Akwai wata murya a cikinta, ta mace, da ke ba da umarni da Turanci. Duk sanda ta ce a miƙe, sai Lawwali ya ce, "To Hajiya, dama ina za mu?" Mun shiga Tsafe rana ta take.

Gwaggo Rabi ƙanwar mahaifina ce, kuma duk danginmu babu mai labarinta. Idan ta fara da kazar maƙwabta sai ta dire a yaƙin basasa. Na yi sallama ta amsa. Tana tsakar gida tana tsince wake, babu tabarma, babu ruwa. Na tsaya ina rarraba ido.

"Gwaggo, mun same ku lafiya?"

"Lahiya."

"Ya jiki, ya yara?"

"Lahiya."

Na jira sauran, sauran bai zo ba. Na ce, "Gwaggo, ko wani abu ya faru?"

Ta ɗago ta dube ni. "An ce ina da surutu. An ce kada a zauna. To ga shi ban yi surutu ba, kai ma ba ka zauna ba. Mi ya rage?"

A ƙarƙashin ɗigon Gwaggo abin da na rubuta ke nan, harafi da harafi: "Tana da surutu, kada a zauna." Ashe wannan ɗan gurbin da na ɗauka tsakanina da wayata ne, duk wanda ya taɓa ɗigon zai gani. Na waiwaya na ga Lawwali ya dafa bangon zaure, kafaɗunsa na rawa. Tun jiya ya sani, ya ƙi faɗa mini don kada wasan ya lalace.

Na durƙusa a kan ƙasa na ba da haƙuri, na gaya mata abin da ya kawo ni. Gwaggo ta yi ƙoƙarin riƙe shirunta, amma Allah bai halicce ta da shi ba. Ta fara da cewa ta yafe, daga nan ta shiga tarihin duk wanda ya taɓa ce mata mai surutu da yadda ƙarshensa ya kasance. Awa ɗaya da kwata na yi a durƙushe. Da muka fito gwiwoyina ba sa miƙewa, wayar kuma ta ja jan layi a ƙarƙashin jadawalin.

A mota na buɗe sauran ɗigogin ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa kamar mai duba sakamakon asibiti. A na Alhaji Bello na rubuta, "A ci abincin rana a nan, gidan akwai nama."

Alhaji Bello mijin 'yar gwaggona ne, babban dillalin hatsi. Dangantakarmu ba ta kai ta awa biyu ba, kowa ya san abin da ya kai ta. Muna karya kwana na hango rumfa a ƙofar gidansa, an shimfiɗa tabarmi, dattawan unguwa sun kai goma a zaune. Ya taso da fara'a ya rungume ni.

"Ga shi nan, jama'a. Wanga shi na wanda yay yi ma gidana shaida har cikin na'ura. Duniya ta ji akwai nama gidan Bello. To yau sai ya tabbatar."

Aka dire mini tire. Rago ne guda aka kasa, ga gasasshe, ga farfesun kayan ciki, ga kai da ƙafa. A Gusau idan baƙo ya ce ya ƙoshi, a kan ce ya ƙara sau ɗaya don kara, a bar shi. A gidan Alhaji Bello "na ƙoshi" gaisuwa ce kawai. Duk sanda na janye hannu, wani dattijo zai turo mini tsoka ya ce, "Ci, Malam, ai rubuce take." Lawwali ya ci nasa cikin kwanciyar hankali irin ta wanda bai rubuta komai ba. Da na samu na nemi gafara, Alhaji Bello ya ce babu komai tsakaninmu sai alheri, ya sa aka ƙulle mini sauran naman a leda.

Mun bar Tsafe bayan azahar, an ci mini awa biyu da rabi a kan tsari. Sai wayar ta yi ƙara ta nuna mini wata sabuwar hanya. Wai mu bar kwalta, mu yanka ta daji mu ɓulla Wanke. Ta shafa wa hanyar kore shar, ta rubuta cewa babu cunkoso. Na nuna wa Lawwali da murna.

Ya rage gudu ya duba. "Awo, babu cunkoso. Ka tambayi Hajiyar taka mi ya hana cunkoson."

Muna cikin gardama muka tsaya wa wani dattijon Bafulatani da ke neman motar Gusau, da sandarsa da ɗan buhunsa. Na miƙa masa wayar don ya raba mu. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya bi layin da farce a hankali, ya ambaci sunan wani rafi da wata tsamiya da babu su a taswirar. Sannan ya miƙo mini.

"Wannan ba hanyar mota ba ce, Malam, burtali ne. Shanunmu suka taka shi. Mu da muka yi shi ma mun daina bi."

Ba a sake maganar kore ba. Na yi ta tunanin mutanen da suka ƙera wannan abu, can ƙasarsu inda hanyar da babu kowa a kanta ita ce abin so. Wataƙila a can mutum kan ba uwarsa minti goma sha biyar ta yi godiya.

Kafin mu kai Gusau Kawu Iro na Wanke ya kira. A ɗigonsa na rubuta, "In hali ya yi." Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Shehu, na ga hali ba shi yi. Na yahe maka duniya da lahira. Ga shi minti ɗaya munka yi, na rage maka tara, ka ƙara ma mai nama." Ya kashe wayarsa.

A shingen shiga gari wani jami'i ya leƙo, ya dubi Lawwali, ya dube ni, ya dubi wayar da ke manne a gaban mota. Fuskarsa ta washe. "Kai ne mai minti-minti?" Ashe taswirar ta fita daga zauren dangi ta shiga duniya. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gan ni. Bai duba but ɗin motar ba, bai nemi takarda ba. Roƙonsa ɗaya, idan na je gaban Ka'aba in sa shi a addu'a a mayar da shi kusa da iyalinsa, ko da ta rabin minti ce. Na yi masa, Allah shaida, kuma ta fi rabin minti.

Mun sauke dattijon a tasha, muka ratsa Gusau ta bakin layinmu ban tsaya ba, don na san Balkisu na ciki da tambaya ɗaya. Naman Alhaji Bello kuwa ya fara neman hakkinsa. Sau biyu Lawwali na tsayawa a gidan mai ina fita da buta. Mun isa Bungudu an idar da la'asar.

Yaya Asabe ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara tara, kuma ba ta cikin masu wasa. Abin da na rubuta a ɗigonta shi ne, "A yi alwala a nan." Na tarar da buta biyu cike a ƙofar ɗakinta. Wannan ya fi faɗa zafi. Na yi salla, na gaishe ta, na ce sauri muke za mu ƙarasa Karakkai.

"Ba mai bin hanyar Karakkai bayan la'asar," in ji ta. "Ko wayarka ba ta hwaɗa maka ba?"

Lawwali ya goyi bayanta, ya ce motarsa ba ta da rai biyu. Na nemi lambar Hansai, matar ɗan ƙanen Baba Ɗanjuma, wadda Inna ke zaune a gidansu. Ba ta shiga. A Karakkai sai an hau tudu ake samun sabis, kuma ba kullum ba.

Yaya ta zaunar da ni a kan turmi. Ta ce ita maganar alwalar da na rubuta ba ta dame ta ba. "Amma matar da tag goya ka, tat tauna ta ba ka, ita kas sa ƙarshe? Bayan mai nama? Ran da anka binne Baba Ɗanjuma, duk motar da tat tsaya sai ta ce a duba ko kai na. Har anka yi bakwai tana hwaɗin haka." Na nemi gafararta, ta ce nata mai sauƙi ne, in je inda mai wuyar yake.

Masaukinmu ɗakin ajiyar hatsi ne, katifa ɗaya tsakanin buhunan dawa, da wata zabuwa da ta riga mu kama wuri kuma ba ta da niyyar tashi. An kawo tuwon dawa miyar kuka, ni dai ruwan zafi na roƙa. Da safe Yaya ta ba mu kunun tsamiya da hoce, wainar dawar nan ta mutanenmu mai tauri, wadda yarana a Gusau ke cewa biskit ɗin tsofaffi. Rabona da shi tun ina hannun Inna.

An yi ruwan farko da asuba, hanyar ta yi laushi. Muna barin kwalta sabis ya ɗauke. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda muke ya maƙale a tsakiyar gulbi ya ƙi motsi, Hajiya ma ta yi shiru. Ban buƙace ta ba. Na gane kukar da muke jifa muna yara, na gane inda hanya ke rabuwa, har na riga Lawwali cewa ya yi dama. Manoma sun fito da iri, ana ta shuka. Babu wanda ya tare mu sai wata akuya.

Tun daga nesa na hango ta. Tana zaune a bakin zaure a kan tabarma, ta yafa mayafinta mai kyau, ga wani ƙulli a gefenta. Ta ƙanƙance ƙwarai. Hansai ta taryo mu tun kafin mu fito daga mota, ta ce mini a hankali, "Tun jiya da azahar take nan. Sai da anka kira magariba ta yarda ta shiga. Yau ko kunu ba ta tsaya sha ba."

Na ƙarasa na yi sallama na durƙusa. Inna ta juyo da fuskarta wajen muryata, amma ba daidai inda nake ba, ɗan gefe kaɗan. Idanunta sun yi fari fat. Yanar ido ce ta rufe su, shekara biyu ke nan. Ba wanda ya gaya mini, domin ban taɓa tambaya ba.

"Shehu na?"

"Ni ne, Inna."

"Hansai, duba agogo." Sai ta fara magana da sauri, a jere, irin ta wanda ya yi tilawa. Daga baya Hansai ta gaya mini tun ranar da ta karanta mata taswirar suke gwadawa, ita tana faɗi Hansai na duba lokaci a waya, ana rage abin da ya yi yawa. "Na ɗaya, na san abin da ya kawo ka. Na yahe, duniya da lahira, kada ka ɓata lokacinka wurin roƙo. Na biyu, ga wanga ƙulli, yaji na da ƙuli da garin kunu, an ce abincinsu can ba shi da gishiri. Na ukku, in ka hau Arfa ka kira sunan Babanka Ɗanjuma. Ka kira shi da baki, kada ka ce cikin zuci. Shi ya kai ka makaranta bisa kekenai." Ta numfasa. "Hansai, saura nawa?"

Hansai ta dube ni ta sunkuyar da kai. "Saura da yawa, Inna."

"To madalla. Matso in ga huskarka da sauran."

Na matsa. Ta ɗora tafukanta a fuskata, masu kaushi, suna ƙanshin hayaƙi. Ta bi goshina, ta bi gemuna, ta ja kunnena na hagu yadda take yi idan na ƙi wanka. Ta ce na yi ƙiba, ta ce gashin ya tafi. Duk jawabin da na shirya tun daga Gusau ya watse. Ni da na yanka lokaci don kada a yi mini faɗa, sai ga shi faɗan nake nema ido rufe, an hana ni. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ita kuma tana share mini da gefen mayafinta tana cewa in bari, mutane na zuwa.

Da gaske suna zuwa. Maƙwabta sun ji mota, mata da dattawa suka taru ana yi mini fatan alheri. Wani tsoho mai carbi ya riƙe hannuna ya ce, "Sannu Malam Shehu. Aikin gwamnati sai haƙuri. Tumba ta hwaɗa muna yadda sunka matsa maka, shekara shida ba hutu. Yanzu ma wai minti sha biyar sunka yanka maka ka ga uwarka. Allah shi isar maka." Sauran suka amsa da amin, ana jinjina kai, ana tsine wa manyan ofis. Lawwali, wanda ban taɓa ganin dariya ta ƙare masa ba, ya juya ya koma wajen mota ya buɗe bonet, alhali babu abin da ya lalace.

Na jira har suka watse. Na ce wa Hansai ta ajiye wayar, ba inda za ni sai la'asar ta gabato. Inna ta ce, "Ba su yi maka hwaɗa?" Na ga idan na tashi da wannan a cikina, gafarar da ta ba ni ba tawa ba ce, ta wani Shehu ce da gwamnati ta ɗaure.

Na ce, "Inna, babu wanda ya hana ni zuwa shekara shidan nan. Kuma minti goma sha biyar ɗin ba ofis ba ne. Ni na rubuta da hannuna."

Ta lalubo bakin ƙullin ta ƙara ɗaure shi, ko da yake a ɗaure yake.

"Na sani," ta ce. "Ni nar rene ka, ban san rubutunka ba don ba ni gani? Shi na yahe, ba wani abu ba." Ta karkato kaina da hannu ɗaya, ta rage murya. "Amma ga mutanen garin ga, gwamnati ta. Shekara shida ina hwaɗa musu haka. Kada ka tashi ka ƙaryata ni."